Rariyar Haske

Zuwa ga Tsinke,

Gaisuwa mai yawa daga ni da gwaggonki da ciwon bayana, wanda ya ce lallai in sa shi a layi tunda ya fi kowa zama da ni a gidan nan. Ina fata kina lafiya, kina kuma cin abinci, ko da yake mun san abinci bai taɓa barin shaida a jikinki ba.

Ummanki tana nan da irin sauƙin masu sankarar jini, yau a zaune gobe a kwance. Ta shiga zagaye na biyu na ruwan maganin da ake ɗura mata a asibiti, ni ne ɗan rakiya. Ɗakin dogo ne, kujeru a jere, kowa da ƙarfensa na rataye leda, ga agogon bango da ya gaji ya tsaya ba wanda ya ga laifinsa. Gashinta ya zube. Ta ce komai ta sa a baki ɗanɗanon tsohon cokali yake yi mata. Likitan jini, wani matashi da sanƙo ya riga shekaru isowa kansa, ya ce ana samun nasara, muddin ba a tsallake zagaye ba.

Kin san kunnenta. Ta ce ta gaji da waya, kina ihun "lafiya lau" tana ihun "lafiya lau" har batir ya mutu ba wanda ya ji wani abu. Ta ce a koma takarda. Idonta kuma ba ya ɗaukar ƙananan rubutu, saboda haka aka naɗa ni mai karatu. Kakata da kakarta uwarsu ɗaya, ga shi gidana ne ƙasan nata, ba ni da hanyar tsira. Na ƙare rayuwata a ɗakin karatu ina hana mutane ɗaga murya, yanzu ni ne nake kwarara ihu a kunnen hagu na Yaya, ummanki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matar da ke kujerar kusa da ita a asibiti ɗanta gadoji yake ginawa, kuma ba ta bari a manta. Ta tambayi Yaya aikin 'yarta, Yaya ta ce, "Da fitila take aiki." Matar ta ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Tun daga ranar ummanki take fushi da ni, kamar ni na aike ki. Don Allah ki rubuto mana abin da kike yi a can, da kalmomin da za su jure ihu.

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da ni saboda sanyin ɗakin aikinmu. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce wa ciwon bayanka ina amsawa. Ka riƙe mini hannun Umma.

Ka ce mata rariya nake yi, amma da haske. Akwai wani ɗan gilashi kamar faɗin ɗan yatsa, a cikinsa an haƙa hanyar ruwa da ba ta kai kaurin gashi ba. A cikin ruwan muke zuba ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Sai mu ɗauko hasken leza, wani siririn haske mai kaifi, mu bi da shi ta wani ɗan allo da ke fasa shi ya zama ɗigo-ɗigo a jere, kamar zanen leshi. Haske yana da ɗan ƙarfin turi, Kawu, kaɗan ne ƙwarai, kai ba za ka taɓa jinsa ba, amma ƙwayar da ta kai wannan ƙanƙanta tana ji. Idan ruwan ya ratsa zanen, wasu ƙwayoyin sukan wuce kai tsaye, wasu kuma ɗigon nan ya miƙa su ga na gaba, na gaba ya miƙa su ga na gabansa, har su kauce zuwa wata hanya daban. Girman ƙwaya da yadda haske ke ratsa ta su ne suke yanke hukunci. Aikina shi ne in gano zanen da ya dace da kowace iri.

Teburin da komai ke kai a kan iska yake zaune, don ko motar kaya ce ta wuce a titi sai hoton ya yi rawa. Madubai ne birjik a kansa, kowanne da kusoshin juyawa. Watanni na yi ina saita su. Farfesa ba ya barin kowa ya jingina da teburin, har shi kansa. Ɗakin duhu ne ko da rana tsaka, waya kuwa a akwatin bakin ƙofa take kwana.

Shekara biyu da 'yan ƙwallayen roba nake wasa. Amma a makon jiya muka gwada da ƙwayoyin jini, aka cakuɗa masu lafiya da masu cuta irin waɗanda ake reno a kwalba. Kawu, na zauna ina kallon allo, sai ga masu cutar suna kaucewa ɗaya bayan ɗaya, masu lafiyar suna wucewa ba abin da ya taɓa su. Na fita baranda na yi kuka, na dawo na ce mura ce. Wataƙila nan gaba, in an yi sa'a, wani ya yi amfani da wannan wajen gane cuta da wuri. Tafiyar da sauran nisa.

Ka faɗa wa mai gadoji hakan.

Taka, Tsinke

Zuwa ga Tsinke,

Muna gaishe ki, muna yi wa murarki fatan sauka lafiya. Gwaggonki ta ce ki riƙa sa safa.

Na karanta wa Yaya wasiƙarki har sau uku, maƙwabta ma yanzu sun san yadda ake saita madubi. Sai dai na lura kalmomi irin su "wataƙila" da "nan gaba" ba su da ƙashin da za su jure ihu, a hanya suke narkewa. Wurin da masu cuta suke kaucewa kuwa, ta sa na maimaita har muryata ta dushe. Sannan ta ce a ɗauko mata mayafinta mai kyau.

An ci mai gadoji da yaƙi. Yaya ta ce mata gada ai ko kura tana hawa, a nuna mata wanda ya taɓa tankaɗe jini. Daga nan ta yi sallama da asibiti. Ta bi ma'aikatan jinya ɗaya bayan ɗaya tana godiya, ta ce sun yi ƙoƙari, ba za su ƙara ganinta ba, 'yarta ta karɓi aikin. Likita ya bi ta da kallo yana shafa sanƙonsa.

Yanzu tana gida kamar wadda aka sako daga kurkuku. Abinci ya dawo da ɗanɗanonsa, jiya har ta yi mini faɗa a kan takalmina, alamar lafiya ke nan a wurinta. Gashi ma ya fara leƙowa kamar yana duba ko hari ya wuce. Ni dai na ce a bar ta ta sha iska. Kin san ummanki.

Kawunki

Kawu,

Alhamdu lillahi! Ban san an kusa gama zagayen ba, na ɗauka da saura. Na karanta wasiƙar a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a zaune. Ka ce mata na karɓi aikin, ta ci abinci kawai ta yi ƙiba a madadina.

Wannan labari ya zo mini a kan gaɓa. Farfesa ya bar mini teburin ni kaɗai har zuwa lokacin da wata ƙungiya za ta karɓa, su kuwa kwance komai za su yi su kafa nasu. Duk awon da zan yi sai na yi shi yanzu. Saboda haka in kun ji ni shiru kada ku damu, ko akwatin wasiƙu ba na jin zan leƙa. Da hankalina a rabe yake, yanzu ya dawo wuri ɗaya.

A gurguje, Tsinke

Tsinke,

Ina fata kina lafiya. Mu nan ba lafiya ba.

Ba a gama zagayen ba. Ummanki ce ta daina zuwa. Na ɗauko kwafin wasiƙata na bi ta layi-layi ina neman inda na faɗa miki haka a fili, ban samu ba. Na samu sanƙon likita, na samu takalmina. Na ɗauka fushi ne na 'yan kwanaki, za ta sauko, shi ya sa na mai da shi labari.

Ba ta sauko ba. Ranar da ya kamata mu koma na hau sama na tarar ta zauna tana gyaran farce. Na ce, "Yaya, mota na jira."

Ta ce, "Ta yi ta jira. Nasu maganin ba ya tambaya, mai laifi da mara laifi duk kashewa yake. Na 'yata zaɓe yake yi."

Na ce, "A gilashi take yi, Yaya!"

Ta ce, "To ni ƙarfe ce?"

Na ce abin bai kai ga mutane ba tukuna. Ta ce ita ba mutane ba ce, uwarki ce. Ta ce in an ci gaba da zuba mata wannan guba, kafin ki iso ba sauran masu lafiyar da za ki ware. Na karanta littattafai da yawa, Tsinke, wasu ma don a ga ina karantawa, amma ban samu amsar da ta shiga kunnen hagun nan ba. Da wasiƙarki ta ƙarshe ta zo kuwa, wadda kika ce kin karɓi aikin, sai ta karɓe ta daga hannuna ta sa a ƙarƙashin matashi. Yanzu tana da shaida a rubuce.

Na kira ki, ba ki ɗauka ba. Da kika kira daga baya ina zaune a gabanta, ta fizge wayar ta yi ihun "lafiya lau", kika yi naki, kika ce ana jiranki. Da na samu na sake jin muryarki ni kaɗai, kina ta murna, sai na ji bakina yana tambayarki safa.

Likita ya kira ni ofishinsa. Ya ce duk makon da aka tsallake cutar tana mayar da abin da aka ƙwace mata, kuma akwai inda in ta kai, maganin ba zai sake riƙe ta ba. Zazzaɓi ya fara dawo mata da yamma. Akwai tabo baƙi-baƙi a hannunta, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Ƙofar gidan nan ba ta taɓa bugun kowa ba.

Ki rubuto mata da hannunki cewa na'urarki ba za ta warkar da ita ba. Maganata ba ta da nauyi a wurinta, taki ce kawai.

Kawu

Tsinke,

Shiru. Na san kin ce ba za ki leƙa akwati ba, amma ina rubutawa, tunda ni ma ban iya wani abin ba.

Jikin ya ƙara sauka. Ba ta iya saukowa bene, gwaggonki ta koma sama da zama. Duk da haka in ta ji takuna sai ta gyara ɗankwali ta tambaya ko kin aiko.

Za ki ga 'yar takarda a naɗe cikin wannan. Ba ni na shirya ta ba. Yau da safe ta ce in miƙo mata gwangwanin ɗinkinta. Na ɗauka maɓalli za ta sa mini, don rigata tana bukata. Sai ta zaro allura ta soki ɗan yatsanta, ta ɗiga a kan takardar. Jinin ya daɗe bai tsaya ba, sai da gwaggonki ta ɗaure da tsumma. Ta hura takardar har ta bushe, ta naɗe da kanta, ta ce, "Ka aika mata. Ka ce ta fara da wannan kafin ta zo, kada ta ɓata lokaci."

Na ce to. Ga shi na aiko.

Kawu

Kawu,

Wasiƙunka biyu tare na ɗauko su. Mai shara ce ta ce akwatina ya cika. Ta biyun na fara buɗewa.

Ka karanta wa Umma wannan yadda yake, kada ka gyara, kada ka sa dariya.

Umma, ni ce. Na'urata ba ta warkarwa. Ɗigo ɗaya na jini sai an tsarma shi da ruwa sosai, sannan ya wuni yana ratsa gilashin. Jinin da ke jikinki, ko na zauna daga yau har in tsufa ban gama tankaɗe shi ba. Ko da na gama, cutar a cikin ɓargo take, can ake haifar ƙwayoyin, haskena ba ya isa can. Idan na ƙara masa ƙarfi don ya yi sauri, dafa su yake yi, masu lafiyar da masu cutar duka. Ruwan da ake ɗura miki shi ne abin da ake da shi. Da akwai wanda ya fi shi a hannuna da ban kwana a nan ba.

Kawu, wannan naka ne, kada ka karanta mata. Takardar ba ta da amfani a wurina. Jinin da ya bushe ƙwayoyinsa sun mutu, ba abin da zai gudana. Na san haka, amma na sa ta a ƙarƙashin madubi. Ba komai sai tsage-tsage, kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Na daɗe ina kallo.

Na kashe lezar. Awon bai kai rabi ba. Farfesa ya ce in tafi, ya kuma ce ba zai iya riƙe mini teburin ba, duka biyun da gaske yake. Wataƙila in riga wannan takarda isowa. In ta riga ni, ka fara ihun, ina tafe.

Tsinke

Zuwa ga Kawu,

Na iso wurin aiki lafiya. Ina gaishe ka da Gwaggo, ina kuma gode muku, ko da yake ka ce godiya tana tayar maka da ciwon baya.

Har yanzu ban san ko daidai na yi da na dawo ba. Kana wurin, ka ji ta. Na zauna da ita zagaye guda a wannan dogon ɗaki, ta ce to na gani da idona ta koma asibiti, in tashi in je in ƙarasa abin da na fara, zamana yana sa ta jin kamar mutuwa za ta yi. Ka kuma ji abin da likita ya ce a baranda, cewa yanzu riƙon cutar ake yi, ba korarta ba.

Teburin ya zama na wasu. Madubaina suna cikin kwali, kowanne an naɗe shi da takarda an rubuta sunana. An ba ni kusurwa a wani ɗakin, kusa da titi. Daga farko zan fara.

Roƙo ɗaya. Ka riƙa faɗa mini abu yadda yake a layin farko. Barkwancin ya biyo baya, ina son shi, amma ya biyo baya.

Taka, Tsinke

Tsinke,

Ummanki ta rasu, kin sani, kin zo kin koma. Na sa a layin farko ne don kin ce in riƙa yin haka, kuma ina koyo.

Muna nan. Gwaggonki ta sauko ƙasa, amma har yanzu takan zuba abinci kwano uku. Ni kuma muryata ta ƙi komawa daidai. Jiya wani ɗalibi ya tambaye ni inda littattafan tarihi suke, na amsa masa, duk ɗakin karatu ya ɗago kai.

Akwai abin da ban faɗa miki ba da kika zo, gidan cike yake da mutane. Bayan kin koma aiki ba ta sake tsallake asibiti ba, ko sau ɗaya. Ba ta sake ambatar na'urarki ba. Na ɗauka ta fahimta, na kuma yi wa kaina murna kamar ni na yi bayanin.

Kin san labulen leshin da ke tagar ɗakinta. Da la'asar rana takan ratso shi ta zuba a gefen gado, ɗigo-ɗigo a jere. Wata rana na shiga na tarar ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannun cikin hasken, tana juya shi a hankali, ciki da baya. Na ce, "Yaya, me ake yi?"

Ta ce, "Ba ruwanka."

Na tsaya dai. Can ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Yarinyar nan kunya ce da ita, ba ta son yabon kanta. Kafin nata ya gama, bari in rage mata aiki."

Kullum haka take yi har rana ta bar gadon. Da ƙarfinta ya ƙare ta daina iya ɗaga hannun, gwaggonki ta ce a ja labule mai kauri, hasken yana damunta. Na ce a bari. Ni nake ɗaga mata hannun in sa a wurin. Ba nauyi gare shi ba.

Na yi tunanin ko in ɓoye miki wannan, na ga ɓoyon da na yi a baya bai yi mana rana ba. Ban san me za ki yi da shi ba. Ni ma ban san me zan yi da shi ba.

Masu gidan suna son ɗakin a ƙarshen wata. Mun kwashe kusan komai. Gwaggonki tana tambaya ko kina son gwangwanin ɗinkin. Labulen ban sauke ba tukuna, na ce sai na ji daga gare ki.

Ki sa safa.

Kawunki